Kashe Ka Kunna Ba Magani Ba Ne

A ɗakunan kwamfuta na makarantu, da ofisoshi, da shagunan buga takardu, akwai magani guda ɗaya wanda kowa ya haddace, tun daga ɗan aji ɗaya har zuwa malaminsa. Da zarar manhaja ta daskare, ko ta rufe kanta ba sallama, sai a ji wani ya ce, "Kashe ka kunna." A kashe, a kunna, aiki ya ci gaba, kowa ya koma harkarsa. Ba a musun cewa dabarar tana aiki, har ma wani lokaci ita ce abin da ya dace a yi idan ana cikin gaggawa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne asarar da ake tafkawa a daidai lokacin da yatsa ya sauka a kan maɓallin. Duk shaidar da za ta bayyana dalilin faɗuwar tana cikin ƙwaƙwalwar aiki ta na'urar, ita kuwa wannan ƙwaƙwalwa ba ta riƙon amana: da an rufe manhajar, ko wuta ta yanke, abin da ke ciki ya tafi ke nan.

Mai kiwon kaji da ya san sana'arsa ba ya yin haka. Idan ya wayi gari ya tarar kaji uku sun mutu, ba ya jefar da su bayan gari ya sayo wasu. Yakan ɗauki mushen ya kai wa likitan dabbobi tun bai fara ruɓewa ba. Likita ya feɗe, ya duba. In ya ga jini ya taru a makafin hanji, sai ya yi zargin cutar koksidiyosis. In kuwa wata 'yar jaka da ke kusa da dubura ce ta kumbura, sai hankalinsa ya koma kan cutar Gumboro. Matakin da za a ɗauka a kan ta farko daban yake da na ta biyu, kuma rayuwar sauran ɗaruruwan kajin da ke keji ta rataya ne a kan abin da aka karanta a jikin waɗanda suka mutu. Ilimin likitancin ɗan Adam ma ta wannan hanya ya tsaya da ƙafafunsa. A shekarar 1761 wani shehin malami na jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, Giovanni Battista Morgagni, ya wallafa littafin da ya tattara binciken gawawwaki ɗaruruwa, inda ya riƙa gwama alamomin da majiyyaci ya nuna yana raye da abin da aka samu a gaɓoɓinsa bayan mutuwa. Daga nan ne cuta ta samu adireshi a cikin jiki.

Manhaja ma tana da irin wannan bincike, kuma kayan aikinsa shi ne abin da za a iya kira hoton ƙwaƙwalwa. Yayin da manhaja ke aiki, duk abin da take sarrafawa yana shimfiɗe a ƙwaƙwalwar aiki: lambobin da take lissafawa, da rubutun da aka shigar, da matakin da kowane layin aiki ya kai. Hoton ƙwaƙwalwa shi ne a kwafe wannan shimfiɗa yadda take a wani lokaci guda, musamman lokacin faɗuwa, a zuba ta cikin fayil wanda za a iya ajiyewa a duba daga baya. Dabarar tsohuwa ce. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970, ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙananan zobba ne na maganaɗisu da aka saƙa da wayoyi, kuma idan shiri ya faɗi, akan buga abin da ke cikin zobban a kan doguwar takarda, lambobi zalla, mai shirin ya zauna da fensir yana bi ɗaya bayan ɗaya. Zobban sun daɗe da shiga gidan tarihi, amma har yau sunansu ne ke kan wannan fayil a bakin masu aiki da Linux da danginsa.

Ɗalibin ilimin halittu zai gane abin nan da nan, domin ya san abin da sinadarin fomalin yake yi wa tsokar da aka yanko: yana tsayar da ita cak a halin da aka same ta, don a samu damar yanka ta siriri a ɗora a gilashi a duba a madubin ƙara girma. Hoton ƙwaƙwalwa fomalin ɗin manhaja ne.

To amma akwai wani rukuni na manhajoji da ya sa mutane da dama suka ɗauka cewa zamanin wannan wahala ya wuce. A harsunan shirya manhaja irin su C da C++, mai shiri ne da kansa yake roƙon wuri a ƙwaƙwalwa, kuma shi ne zai mayar da wurin in ya gama. In ya manta, wurin ya salwanta. In ya mayar sannan ya koma yana amfani da shi, ko ya miƙa hannu ya wuce iyakar da aka ba shi, ɓarna ta auku. A shekarar 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na kafofin tsaron da yake toshewa kowace shekara daga irin waɗannan kurakurai suke tasowa. Harshen Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, da dandalin .NET na Microsoft da ya biyo baya a 2002, sun bi wata hanya. Manhajar da aka rubuta da su ba ta hulɗa da ƙwaƙwalwa kai tsaye. Tana zaune ne a hannun wata manhaja ta daban wadda ke ba ta wuri, tana tsare iyakokinta, tana kuma share mata abin da ta gama amfani da shi, tamkar yaro a hannun mai reno. Saboda haka bari a kira su manhajojin reno. Galibin manhajojin da ke cikin wayoyin Android da ke aljihun ɗalibai irin waɗannan ne, haka ma da yawa daga cikin na bankuna da manyan ma'aikatu.

Babban hadimin mai reno shi ne mai shara, dabarar da John McCarthy ya ƙirƙiro wa harshen Lisp tun wajen 1959. Yadda yake aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne dukan maganar take. Manhajar reno tana ajiye bayananta ƙunshi-ƙunshi: wannan ƙunshin sunan ɗalibi ne, wancan makinsa, wancan kuma jerin 'yan ajin gaba ɗaya. Ƙunshi yana riƙe da wani ƙunshi ta hanyar adireshinsa, kamar an ɗaure su da igiya. Akwai kuma wasu wurare tabbatattu, kamar ayyukan da ke gudana a yanzu da ma'ajiyoyin da ke rayuwa muddin manhajar tana raye, waɗanda suke matsayin turke. Lokaci zuwa lokaci mai shara yakan fara daga kowane turke, ya bi igiya zuwa igiya, yana sa alama a kan duk ƙunshin da ya isa gare shi. Abin da igiya ba ta kai gare shi ba, shi ne shara, sai a kwashe a ba wasu wurin.

Jikin ɗan Adam yana da makamancin wannan. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kwana 120 ko kusa da haka suna zagayawa, daga nan sai wasu manyan ƙwayoyi masu haɗiya, waɗanda ake kira makrofaj, su cinye su a saifa da hanta, a sake amfani da ƙarfen da ke cikinsu. Lafiyayyar ƙwaya tana ɗauke da wata alama a fatarta mai suna CD47, wadda ma'anarta ga makrofaj ita ce, "Ni na gida ne, wuce." Masu bincike sun gano cewa ƙwayoyin cutar daji iri-iri sukan yawaita wannan alama a jikinsu, sai masu sharar jiki su zo su wuce su. Makrofaj ɗin lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi bisa ƙa'ida; alamar ce ta yaudare shi.

Haka mai sharar manhaja yake. Ba ya sanin gaibu. Bai san ko za a sake buƙatar ƙunshi ko ba za a sake ba. Abin da ya sani kawai shi ne ko akwai igiya. Idan mai shiri ya gama da ƙunshi amma ya bar wata siririyar igiya guda ɗaya da ta haɗa shi da turke, to ƙunshin zai zauna daram, shi da duk abin da yake riƙe da shi. A yi haka sau dubu, sau miliyan, sai ƙwaƙwalwa ta cika, mai shara ya yi ta zagaye yana neman abin kwashewa bai samu ba, manhaja ta yi nauyi, daga bisani ta faɗi. Wannan shi ake kira yoyon ƙwaƙwalwa, kuma samun mai reno bai kawar da shi ba.

Abin da ya sami ɗaliban jami'ar Princeton ta Amurka ya isa misali. A ranar 8 ga Oktoba, 2005, hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka ta shirya gasar motoci masu tuƙa kansu a hamadar Mojave, tafiyar mil 132, da kyautar dala miliyan 2. Ɗaliban sun shiga da motarsu mai suna Prospect Eleven, wadda suka rubuta manhajarta da harshen C# na dandalin .NET. Tun a gwaji suka lura cewa bayan kamar minti 40 kwamfutar takan yi nauyi har ta daina amsawa. Sun nemi dalili ba su samu ba, kuma yoyon ƙwaƙwalwa bai tsaya musu a rai ba, tun da a ganinsu akwai mai shara. Da lokaci ya ƙure, sai suka koma ga maganin da kowa ya sani: suka saita agogo domin kwamfutar ta kashe kanta ta sake kunnawa duk bayan minti 40. Ranar gasa motar ta tashi lafiya, ta yi kusan mil 10. Amma hamada cike take da ƙananan itatuwa da ciyayi, motar kuwa tana rubuta kowannensu a matsayin cikas, fiye da duk abin da ta taɓa gani a filin gwaji. A minti na 28 kwamfutar ta mutu, minti 12 kafin agogon ceto ya buga. Motar jami'ar Stanford mai suna Stanley ce ta lashe kyautar.

Bayan gasa ne suka duba ƙwaƙwalwar da manhajar ƙidayar ƙunshi, sai ga amsa a fili. Duk cikas ɗin da motar ta wuce ana cire shi daga jerin, kamar yadda suka tsara, amma kowannensu ya riga ya yi rajistar jiran wata sanarwa a cikin manhajar, kuma ba a soke rajistar ba. Wannan rajista ita ce igiyar. Babu cikas ko ɗaya da aka taɓa sharewa. Ɗaliban nan ba malalata ba ne, kuma ba jahilai ba. Mutanen da suka iya sa mota ta tuƙa kanta a hamada sun wuce a kira su haka. Yarda da mai reno ce ta hana su duba wurin da ya kamata su fara dubawa, sannan kashe ka kunna ta ba su kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Yaya ake karanta hoton manhajar reno? A nan akwai wani ƙarin mataki. Ɗanyen hoto lambobi ne kawai, kuma mai reno ne kaɗai ya san inda wannan ƙunshi ya fara da inda ya ƙare, da sunan irinsa, domin shi yake tsara su, yana ma matsar da su daga wuri zuwa wuri idan ya yi shara. Kamar ƙwayoyin bakteriya ne a kan gilashi: ba a rarrabe su sosai sai an zuba rini, irin wanda Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884. Rinin .NET wani ƙari ne mai suna SOS, wanda ake ɗora wa manhajar bincike ta WinDbg, ko a yi amfani da shi ta cikin dotnet-dump. Kuma tilas ne fayilolin mai renon da za a karanta hoton da su su dace da ainihin wanda manhajar ta yi aiki a hannunsa, in ba haka ba karatun ba zai yiwu ba. Masu Java kuwa suna ɗaukar hoto da jmap, ko su umarci mai reno tun farko ya ɗauka da kansa duk ranar da ƙwaƙwalwa ta ƙare, sannan su buɗe shi da Eclipse Memory Analyzer.

Umarnin farko da mai binciken yoyo yakan bayar a SOS shi ne !dumpheap -stat, wanda ke jera kowane irin ƙunshi da adadinsa da yawan wurin da ya ci. A nan ne sabon shiga yakan yi tuntuɓe. Kusan kullum rubutu da jerin lambobi ne suke cin wuri mafi yawa, sai ya ɗora musu laifi, alhali su kaya ne kawai. Mai laifin yakan kasance wani ɗan ƙaramin ƙunshi ne da ke riƙe da su duka. Don haka sai a zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda suka yi yawa fiye da kima, a ba da umarnin !gcroot, wanda zai bi igiya baya-baya har ya nuna turken da ya hana a share shi. Da ɗaliban Princeton sun yi makamancin wannan a minti na 30 na kowane gwaji, da sun ga tarin cikas da ya kamata a ce sun ɓace tuntuni, kowanne da igiyarsa zuwa wuri guda.

Ba yoyo kaɗai hoton ke tonawa ba. Idan manhaja ta faɗi saboda kuskuren da ba a tare ba, ƙunshin kuskuren yana nan a ciki da saƙonsa da jerin ayyukan da suka kira juna har aka iso wurin. Idan kuma daskarewa ta yi, sau da yawa akan tarar layukan aiki biyu sun yi cirko-cirko, wannan ya riƙe mabuɗin da wancan ke jira, wancan ya riƙe wanda wannan ke jira. Irin wannan matsala ba ta barin ko kalma ɗaya a littafin rahoton da manhaja ke rubutawa, domin littafin rahoto yana ɗauke ne da abin da mai shiri ya yi hasashen zai so sani. Hoton kuwa bai zaɓi komai ba, duk abin da ya tarar ya kwasa.

Duniya ta ga amfanin wannan a ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wani sabuntawa na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8 da rabi, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Wannan ba manhajar reno ba ce, tana aiki ne a can cikin zuciyar Windows inda babu mai tare kuskure. Amma hotunan ƙwaƙwalwar da na'urorin suka bari ne Microsoft ya karanta da WinDbg, ya nuna cewa manhajar ta miƙa hannu ta karanta wurin da ba nata ba. Rahoton CrowdStrike ya fayyace sauran: an nemi bayani na 21 a inda guda 20 kawai aka tanada.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, hoto ba ya motsi. Yana nuna halin da aka mutu a ciki, ba ya ba da labarin yadda aka kai ga haka, kamar yadda gilashi guda ba ya nuna saurin girman ƙari. Amsar masu bincike ita ce wadda masanin halittu ya saba da ita, wato a ɗauki samfuri fiye da ɗaya: hoto biyu ko uku da tazarar mintoci a tsakani, a ga wane iri ne ke ƙaruwa ba ya raguwa. Manhajar ProcDump ma ana iya saita ta ta yi gadi, ta ɗauki hoto da kanta idan ƙwaƙwalwa ta haura wani adadi ko taga ta daskare. Na biyu, girma. Ƙaramin hoto ba ya wadatar da mai binciken yoyo, sai cikakke, shi kuwa yana iya kai gigabait da dama, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi. Tun da hoton bai zaɓi komai ba, to yana iya ƙunsar kalmomin sirri, da lambobin asusu, da sunayen mutane da sakamakon gwajin lafiyarsu, duk abin da manhajar ke riƙe da shi a wannan daƙiƙa. Wanda ya tura irin wannan fayil ga baƙo a intanet don neman taimako, ya miƙa asirin mutanen da ba su san ana yi ba. A Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Hoton ƙwaƙwalwa ya cancanci irin kulawar da ake ba fayil ɗin majiyyaci a asibiti: a kulle shi, a taƙaita masu gani, a goge shi in an gama. Sai dai ba a taɓa jin asibiti ya daina gwajin jini don gudun tonon asiri ba.

Saura maganar aji. Darasin kwamfuta a makarantun sakandare ya fi karkata ga haddace ma'anoni da koyon shirin da ke tafiya daidai, alhali malamin ilimin halittu ya daɗe da sanin cewa zanen zuciya a allo ba ya maye gurbin zuciyar akuya a kan tire. Gani ya kori ji. Kayan aikin da aka ambata a sama duk kyauta ake samun su, kuma a Windows ɗaukar hoton ba ya buƙatar komai face buɗe Task Manager, a danna dama a kan sunan manhajar, a zaɓi ƙirƙirar fayil ɗin. Malami na iya rubuta shiri na layi ashirin da C# ko Java, wanda ke ƙirƙirar ƙunshi a kai a kai yana zuba su a jerin da ba a taɓa zubarwa ba, ya ɓoye wa ɗalibai inda igiyar take. A bar shi ya yi minti biyar a ɗauki hoto, a ƙara minti biyar a ɗauki na biyu. Daga nan a raba ajin gida biyu: rukuni ɗaya ya nemo irin ƙunshin da ya ninka tsakanin hotunan, ɗayan kuma ya bi igiyarsa har zuwa turke, ya faɗi layin da za a gyara.